Binciken Nasiha a Kan Ajiyar Wake

Ɗakin Kwanan Ɗalibai Mata,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga maigidana, Malam Musbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifiyarka Dada da 'yarmu Hidaya. Yaya aikin gona, yaya kuma ƙafar Dada? Ni lafiyata lau, sai kewar gida.

Sau uku ina kiran wayarka ba ta shiga. Na san halin ƙauyenku Dingaya, sai mutum ya hau tudu kafin a ji shi. Shi ya sa na koma ga takarda, zan riƙa ba Safiyanu direba, tunda duk Laraba yana bi ta Birnin Kudu ya wuce Gwaram. Kuma in faɗa maka gaskiya, a 'yan shekarun nan na fi samun bakin yi maka magana a rubuce.

An raba mana malaman da za su duba aikin bincikenmu na shekarar ƙarshe. Ni na faɗa hannun Dakta Zulkifli, mutum ne marar yawan magana. Na kai masa taken da na zaɓa, matsalolin noman wake a Jihar Jigawa. Ya karanta, ya miƙo mini takardata, ya ce wannan aikin mutum goma ne. Ya ce in tafi laburare in ga abin da aka riga aka rubuta, kada in dawo wurinsa sai na gano abin da ba a rubuta ba.

Malam, kunya ta kama ni. Shekarata uku a jami'ar nan ban taɓa hawa benen laburare ba, da takardun da malamai ke raba mana nake cin jarrabawa. Ranar Litinin na shiga. An karɓe jakata a ƙofa, an duba katina, sai na ga kaina a tsakanin kantoci, littattafai tun daga ƙasa har sama da kaina, kowanne da wasu haruffa da lambobi a bayansa waɗanda ban san ma'anarsu ba. Na yi awa biyu ina zagayawa. Na ɗauko wannan na mayar, na ɗauko wancan. 'Yan matan da na kusa haifa suna ta danne-danne a kwamfuta, su rubuta lamba a hannu, su tafi kai tsaye su zaro abin da suke so. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da 'yan aji shida a Unguwar Ya, na kasa tambayar kowa. Na fito ban karanta ko layi ɗaya ba, na zauna a gindin darbejiya na ce anya ba komawa gida zan yi ba.

Washegari na sake komawa, na tsaya a bakin kanta ɗaya ina kallo. Wata ma'aikaciyar wurin, Hajiya Ummussalma, dattijuwa ce mai tabarau, ta ce ta ga shigata da fitata jiya. Ta tambaye ni daga ina nake. Da na ce Birnin Kudu, ta ce mijinta ya taɓa aiki a can. Ta ja mini kujera kusa da teburinta. Ta ce in zo duk safiya kafin ɗalibai su cika, za ta nuna mini hanya.

Ka gaishe mini da Dada ƙwarai. Ka ce wa Hidaya kada zaman ƙauye ya sa ta manta da littafin lissafinta.

Taka,
Nasiha.


23 ga Oktoba.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan kuna lafiya. Safiyanu ya kawo mini garin kuka da daddawa, na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Na duba ledar ko akwai takarda ban gani ba. Na san aiki ya yi maka yawa.

Al'amarin laburare ya fara sauƙi. Abu na farko da Hajiya ta sa ni shi ne in rubuta tambayata a layi ɗaya. Na rubuta ta soke, na rubuta ta soke. Wane ɓangare na wake, a wane gari, wa abin ya shafa? Har muka tsaya a kan yadda manoman Gwaram da Birnin Kudu suke ajiye wake bayan girbi, da asarar da ƙwari ke jawo musu.

Ba zan ɓoye maka ba, kai ka sa na zaɓi wannan. Shekara biyu ke nan kana sayar da wakenmu tun yana sheƙa a gona, lokacin da ba shi da daraja, ka ƙi ajiye ko buhu ɗaya. Na yi magana har na gaji, amsarka kullum ita ce a bar maganar. Na ce to bari in yi karatun abin, ko ka yarda da takarda tunda ba ka yarda da bakina ba.

Lambobin nan na bayan littafi ashe adireshi ne, kamar lambar gida. Ka nemi littafi a kwamfuta, ta ba ka lambarsa, ka bi kanta ka same shi. Amma kwamfutar ba ta san wake ba. Sai ka ba ta sunansa na Turanci, ko na kimiyya, ka haɗa da kalmar ajiya da ta ƙwari, ka cire wata ka sa wata. Ranar farko ta kawo mini abu sama da dubu, na firgita. Hajiya ta ce ba duka ake karantawa ba. Kowace maƙala tana da tsakure a samanta, 'yan layuka da ke faɗin abin da ke ciki, shi za ka fara dubawa. Ta kuma koya mini bambanta mujallar bincike, wadda masana ke tantancewa, da abin da kowa zai iya rubutawa ya saka a intanet.

Na yi kuskure ɗaya da ya ba ni haushi. Na kwafi wani bayani mai kyau, ban rubuta sunan marubucin da shekara da shafi ba. Kwana biyu ina nema ban sake ganinsa ba. Yanzu na sayi littafi daban don manazarta kawai.

Akwai wani ɗaki a bene na biyu da ake ajiye kundayen ɗaliban da suka gama. Ba a fita da su, a nan ake karantawa. Na sami uku a kan wake, babu wanda ya taɓo yankinmu. Ɗaya ya shekara goma sha huɗu a ajiye, shafukansa a manne, da alama ni ce ta farko da ta buɗe shi. Na zauna ina tunanin ko nawa ma haka zai ƙare.

Malam, watan gobe 'yarmu Kubra za ta cika shekara biyu da rasuwa. Da tana nan da bana ta shiga aji ɗaya. Na san ba ka son a ambace ta, ni ma na koyi yin shiru a gabanka. Amma a nan, in na ɗaga kai daga littafi, ita nake gani. Ka yi mata sadaka ranar Juma'a ko da ƙosai ne. Allah Ya sa mai cetonmu ce.

Ina gaida Dada da Hidaya da ƙaninka Jafaru.

Matarka,
Nasiha.


6 ga Nuwamba.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma da sauƙi.

Ba zan zo gida wannan makon ba kamar yadda na ce. Ka yi haƙuri.

Jiya na sami ƙaninka Jafaru a waya na ba shi saƙo, ina sake maimaitawa a nan. Duk ɗakin da Dada ta jibge buhunan wake ko na masara, kada Hidaya ta kwana a ciki, kada kowa ya kwana. In an riga an sa ƙwayar maganin ƙwarin nan ta kasuwa a cikin buhunan, a fitar da su tsakar gida yau, nesa da ɗakuna, a buɗe taga. Ko Dada ta yi faɗa, a fitar. Don Allah kada ka ɗauki maganar nan da wasa.

Zan yi maka bayani. Amma ba yau ba. Kwana uku ban shiga laburare ba.

Nasiha.


13 ga Nuwamba.

Zuwa ga maigidana, Malam Musbahu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta Dada da Hidaya. Jafaru ya ce a soron waje aka ajiye buhunan tun farko, kai ka hana a shigar da su ciki. Na gode wa Allah.

Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai kafin ka ci gaba da karanta wannan.

A babi na biyu ana so in kawo duk hanyoyin da ake bi a kare wake daga ƙwari. Na rubuta toka, na rubuta barkono, na rubuta buhu mai leda biyu a ciki. Sai na zo kan ƙwayar nan mai ruwan toka da muke saye a kasuwa. Ban san sunanta ba, don a ƙulle a leda ake sayar mana, babu kwali babu takarda. Na kwatanta wa Hajiya kamanninta da warinta, muka yi ta nema har muka samu. Na sa sunan a kwamfuta. Yawancin abin da ya fito na aikin gona ne. Guda ɗaya daga mujallar likitoci take, har na wuce ta na ce ba ta shafe ni ba. Kalmar yara na gani a takenta na dawo.

Labarin wani gida ne a wata ƙasa. An sa ƙwayar a buhunan hatsi a ɗakin da yara ke kwana. Babu wanda ya ci ta, babu wanda ya taɓa ta. Ashe in ta ji danshin iska wani hayaƙi take fitarwa wanda ido ba ya gani, shi ke kashe ƙwarin, kuma buhu ba ya riƙe shi. Yaran suka tashi da amai da ciwon ciki, numfashi yana yi musu wuya. Babba ya warke, ƙaramin bai kai kwana biyu ba. Na ɗauko ƙamus na duba kowace kalma ko na fahimta ba daidai ba. Na nemo wasu maƙalun, na karanta guda tara. Duk bakinsu ɗaya: ba a amfani da ita a gidan da mutane ke kwana.

Malam, ka tuna shekarar da ɓarayi suka fasa siton maƙwabcinmu. Ni na ce a kwashe wakenmu daga sito a kai ɗakin yara, tunda shi ne mai ƙofar ƙarfe. Kai ka ɗauko buhunan, amma ni na sa ƙwayar, bibbiyu a kowane buhu, na naɗe a tsumma yadda mai sayarwa ya ce. Ni na rufe tagar saboda sauro. Katifar Kubra ce a jikin buhunan, Hidaya tana bakin ƙofa. Da nake shimfiɗa musu, Kubra ta toshe hanci ta ce, “Umma, ɗakinmu yana warin tafarnuwa.” Na yi mata dariya, na ce ta kwanta.

Sauran ka sani. Da safe suka tashi da amai su biyu. A asibiti aka ce ko zazzaɓin cizon sauro ne ko wani abu suka ci. Ba a tambaye mu abin da ke ɗakin ba, mu ma bai zo mana a rai ba. Hidaya ta tashi. Kubra ta yi ta neman numfashi a kan cinyata har la'asar ɗin washegari.

A nan ana koya mana kada mu faɗi abin da ba mu da hujjarsa. Ba a yi wa Kubra wani gwaji ba, don haka babu takardar da za ta tabbatar. Na kuma san kwananta ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma na san abin da hannuna ya yi. Tun ranar, da na rufe ido sai in ga ina ɗaure bakin buhu.

Akwai abin da ya ƙara mini. Mata nawa na kwatanta wa ƙwayar nan a Unguwar Ya da Surko, don suna ganin malama ce ni, na sani? Bara da muka je gaisuwar rasuwar ɗan Halimatussa'adiya a Surko, ita ma amai da numfashi ta ce, kuma bayan girbi ne. Na zauna a ɗakinta ina ba ta haƙuri, buhuna a jere a bayana.

Na yi tunanin in bar abin a cikina har in mutu. Na kasa. 'Yarka ce, kana da haƙƙin sani. Duk hukuncin da ka yanke a kaina na karɓa. In ba ka son ganina yanzu, zan wuce gidanmu in an yi hutu. Abin da nake roƙo kawai, ka yafe mini, ko ba yanzu ba.

Nasiha.


27 ga Nuwamba.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ina fatan jikinka da sauƙi, don Safiyanu ya ce ya ga ka rame. Takardarka ta iso. Wannan ce ta farko da ka rubuto mini tun kafin aurenmu. Na karanta ta a tsaye a tasha.

Ashe ka sani. Ashe washegarin jana'iza ka shiga ɗakin ɗauko tabarmi, ka tarar da tsaka da ɓeraye a mace a bayan buhuna, da kazar Hidaya da ta kwanta da 'ya'yanta a lungu. Ka kwashe ka binne kafin in gani, ka fitar da buhunan ka ce mini ka sayar. Shekara biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai, ina yi maka mita a kan wake kana cewa a bar maganar. Ni kuma duk zatona gajiya ka yi da ni. In ka shigo ka kasa haɗa ido da ni, sai in ce a raina ya daina sona. Ka rubuta cewa tsoro kake ji kada in karanta a fuskarka. Ka ce babu abin yafewa tsakaninmu, kai ma da hannunka ka jera buhunan. Na yi kuka a kan wannan layin fiye da duk kukan da na yi a watan nan.

Amma Malam, zan faɗi wata magana, kada ka ji na raina alherinka. Ka kare ni, ka kare Hidaya, ka hana Dada. Sauran mutane fa? Girbi biyu ya wuce. Da ka faɗa, ko da zato ne, da na bi gida gida na janye maganata. Ban sani ba ko ɗan Halimatussa'adiya yana cikin abin da shirunmu ya ci. Ba zan taɓa sani ba, kai ma haka. Ba ina ɗora maka ba ne. Ina so ne kada mu ƙara wani girbin a haka.

Na koma laburare. Hajiya Ummussalma ta ga idona ta kai ni ofis, na faɗa mata komai. Ba ta yi mini wa'azi ba. Da na gama, ta tambaye ni ko a cikin duk abin da na karanta akwai wanda ya je ƙauyukanmu ya tambayi mata a wane ɗaki suke ajiye buhu. Na ce babu. Ta ce to ga shi nan.

Na kai wa Dakta Zulkifli sabon take: inda ake ajiye hatsin da aka sa wa magani a gidajen Gwaram da Birnin Kudu, da abin da masu gidan suka sani game da haɗarinsa. Ya karanta, a karon farko na ga ya yi murmushi. Ya ce yanzu na zama mai bincike, na gano giɓi mai kyau. Ya tambaye ni yadda aka yi na gano. Na ce a laburare. Ya sa hannu, na fito na jingina da bango.

Ba zan jira a gama kundi ba. Ka yi wa liman da mai unguwar Dingaya magana a sanar ranar Juma'a, ni kuma zan tara matan Unguwar Ya. Surko ce ban san da wace fuska zan shiga ba. Ina so ka raka ni, ko a ƙofar gida ka tsaya. Dada kuma mu faɗa mata tare, Kubra sunanta ta ci.

Na tsara takardar tambayoyin da zan kai gida sittin. Dakta ya ce kafin a fita da ita akan fara gwada ta a gida ɗaya, a ga ko tambayoyin suna amsuwa. Tambaya ta goma sha ɗaya tana cewa, ko wani a gidan nan ya taɓa rashin lafiya bayan an sa wa hatsi magani, kuma yaya ya ƙare. Ba zan iya yi wa wata uwa wannan tambayar ba in ban amsa ta ba. Ina tafe ranar Alhamis in Allah Ya yarda. Ka dawo gida Birnin Kudu ka jira ni. Takarda ta farko ni da kai za mu cike, ni in karanta tambayar, kai ka riƙe biron.

Ka gaishe da Dada da Jafaru. Ka rungume mini Hidaya. Allah Ya jiƙan Kubra, Ya ba mu ƙarfin abin da ke gabanmu.

Matarka,
Nasiha.